Auta Na Kwance a Maimalari

Yayarsa, Tudun Wada:
Salamu alaikum. 15 ga Janairu ta sake zagayowa, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ƙanena yana cikin sojojin da suka faɗi a Metele, jihar Borno, a Nuwamban 2018, yana da shekara 23. A maƙabartar barikin Maimalari ta Maiduguri aka binne shi, har yau ba mu ga kabarin ba. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah zan fara kukana,
Shi ne Ya ba mu, Ya karɓe ƙanena.
Autan Inna, na goye shi a bayana,
Ya tafi kurtu Zariya ba da sona
Ba, wata shida sai ga shi a gidana,
Kai ƙwal, ya rame, yana sara wa Babana.
Tashar Kawo ta Kaduna na raka shi da kaina,
Ƙuli da yaji na kunce daga gyalena.
Ya ce, "Yaya, da Layya ki ajiye rabona."
Layya ta zo, na soya, na rufe a kwanona,
Ba mai ci, sai ruwa ke zuba a idona.

Abokin kwas ɗinsa, Kawo:
Yaya, ga amsa daga ɗan'uwan tafiya,
Bargo guda muka rufa a Daffo Zariya.
Begila ta busa tun ba a ga safiya,
Shi ke ta da ni don kar in sha wuya.
Metele gab da iyaka, yashi da ƙaya,
Ruwan gora mu kurɓa ɗaya bayan ɗaya.
Da dare hirarsa Inna ce da Yaya,
Zai rufa musu ɗaki da kwano bayan tafiya.
Ranar da wuta ta buɗe ya ƙi ba da baya,
Ni harsashi ya same ni nan a cinya,
Aka kawo ni Asibitin Soja na 44 Kaduna jinya,
Shi ko ya riga mu gidan gaskiya.

Ki gafarce ni, Yaya. Sau nawa nake zuwa bakin layinku in tsaya da babur, in kasa shiga. Ban san da wane ido zan dubi Inna ba, ni na dawo shi bai dawo ba.

Baba na Badarawa:
Ku bar tsoho ya sa baki. Ƙanen mahaifina yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa a jirgin ruwa a 1944.

'Yata, ɗana, na ji ku, Allah Ya yi rahama,
Baffana haka ya tafi yaƙin Burma.
Ba gawa, ba kabari, ba wata alama,
Kakarmu na ɗebe tuwonsa har ta kwanta dama.
Naku yana Borno, mota na zuwa can ma,
An yi masa salla, an binne shi da girma.
Ɗana, daina tsayuwa a titi kana kyarma,
Je ka ƙofar Inna ka yi mata sallama.

Yayarsa, Tudun Wada:
Na gode, Baba. Na karanta wa Inna duka. Da na zo wajen rufin ɗaki sai ta ɗaga kai tana kallon inda yake yoyo, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ga saƙonta:

Ɗana, ka zo, ba ni da fushi a raina,
Wanda ya sha gora guda da autana,
In ya shigo zaure ya shigo ɗakina.
Abu guda nake roƙo kafin lokacina,
Ka kai ni in tsaya a kan kabarin yarona.

Abokin kwas ɗinsa, Kawo:
Inna, na ji kira, na amsa da biyayya,
Sau biyu na je wurin bayan na bar jinya.
Na san layin, ba sai mun yi tambaya,
Mu bi Kano, Potiskum, Damaturu kan hanya.

Yaya, Juma'a bayan la'asar zan shigo in sha Allahu. Hularsa ta sanyi tana wurina, wadda Inna ta saƙa masa. Zan zo da ita.