Abin nan da Turawa ke ce wa "coaching", me za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Ina neman agajin masu harshe. Ina riƙe da wata 'yar ƙungiya ta zawarawa da marayu a nan Katsina. Bara masu ba mu tallafi suka haɗa ni da wata mata don ta yi mani abin da suke kira "coaching", wata shida muna magana ta waya, awa guda duk bayan mako biyu. Ba ta taɓa koya mani komai ba, tambaya kawai take. Ran nan ina ta kukan aiki ya yi mani yawa, sai ta ce, "In kika kwanta asibiti wata guda, wa zai sa hannu a fitar da kuɗin makarantar yaran?" Na yi tsit har ta zaci layi ya yanke. Shekara bakwai hatimi da littafin banki da makullin ofis duk suna cikin jakata, ina kiran abin riƙon amana. A makon na raba su. Yanzu kwamitin amintattu na son rahoto da Hausa. Na rubuta "horarwa", na goge.

Wani mai fassara: Hajiya, me ya sa kika goge? Ai mai horarwa muke cewa a labarin wasanni, ko koci.

Mai tambaya: Malam, kocin ƙwallo shi ke cewa wane shiga, wane fito. Wannan ko sau ɗaya ba ta ce mani yi kaza ba. Kuma horarwa a wurinmu ta riga ta zama bitar kwana uku a otal, da jaka da kuɗin mota. In na rubuta haka, ma'aji zai ce ina takardar shaida.

Tsohon malamin makaranta, Daura: 'Yata, kin yi daidai. Horo kuma dangin hukunci ne, kar dattawan kwamiti su ɗauka laifi kika yi. Bari in ba ku asalin kalmar. Kocs sunan wani ƙauye ne a ƙasar Hangari, inda aka shahara da ƙera keken doki tun ƙarni na 15, keken ya ci sunan garin, shi ne ya zama "coach" a Turanci. Wajen 1830 ɗaliban Okusfod a Ingila suka ara suka laƙaba wa malamin da ke ɗaukar ɗalibi ya tsallakar da shi jarrabawa, kamar yadda keke ke ɗaukar fasinja. Daga baya 'yan wasa suka karɓa. Wannan na ofis sabon yanka ne, don babbar ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, ICF, sai 1995 aka kafa ta a Amurka. Su kansu aro bisa aro suka yi, to mu ma mu duba rumbunmu. Ni na ce nasiha.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma nasiha daga sama take saukowa, kuma mai yin ta ya riga ya san amsa. Matar nan ba ta ma san inda Ƙofar Marusa take ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: To ai shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Ita dai ta riƙe maki fitila. Ni ungozoma ta faɗo mani, naƙuda taki, ɗa naki, ita kama hannu kawai. Sai dai ban ga shugaban ƙungiya namiji da zai ce yana da ganawa da ungozomarsa ƙarfe huɗu ba.

Mai fassara: Jagoranci fa?

Tsohon malamin makaranta: A'a, ja-gora makaho yake ja, kuma mun riga mun ba shugabanci kalmar. Amma kun tuna mani da abu. In baƙo ya tashi, kakan ce bari in taka maka. Shi ya san inda za shi, da ƙafarsa yake tafiya, kai kana gefensa. Sau nawa maganar da ta gagara a zaure take fitowa a hanyar rakiya? In kun kai bakin titi ka juyo gida. Shugaban ƙungiya ba shi da wanda zai faɗa wa ya gaji. Ma'aikata albashi suke jira, masu tallafi rahoto mai daɗi suke so, jama'ar unguwa kuwa gani suke daloli na kwance gidansa. Rakiya yake bukata. Ku ce rakiyar tunani.

Mai fassara: Baba, ɗan rakiya fa a bakin 'yan siyasa shi ne wanda ya zo cika taro.

Tsohon malamin makaranta: Shi ya sa ban ce ɗan ba. Mai rakiyar tunani.

Mai tambaya: Na gwada a jimla: "Shugaba ta samu rakiyar tunani ta wata shida." Ta zauna. Na karanta wa sakatariyarmu, ba ta tambaye ni ma'ana ba, sai cewa ta yi ita ma yaushe za a raka ta. Haka zan sa a rahoton. Malam mai fassara, in ba ka gamsu ba kana da sauran lokaci, sai Asabar kwamiti zai zauna.

Mai fassara: Ban gamsu duka ba, ta yi tsawo a kanun labari. Amma ki sa, Hajiya, mu ji abin da ma'aji zai ce.