Shawarwari Kan Muhawara da Masu Musun Addini

A zaman da muka yi da wasu malamai da ɗalibai kan yadda za a tunkari sukar da mulhidai ke yi wa addini, shawarar da ta fi karɓuwa ita ce mutum ya tantance abin da ake suka kafin ya buɗe baki. Wani samuwar Mahalicci yake musu gaba ɗaya, wani kuwa ƙorafinsa yana kan da'awar kashafi da karamomi, ko kan makauniyar biyayya ga abin da aka gada, kuma amsar wannan ba ta gamsar da wancan.

An fi daɗewa kan matsalar wahala, wato tambayar abin da ya sa Mahalicci ke barin mutane su sha wahala. Wani dattijo ya ce idan aka tambaye ka abin da ya sa jariri ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a hannun mahaifiyarsa, kada ka gaggauta jawo aya ga wanda bai yarda da littafin ba tukuna, domin a wurinsa ka kafa hujja ne da abin da ake jayayya a kansa. Ya tunatar da mu cewa malaman ilmin kalam (ilmin kare aƙida) na Bagadaza sun amsa wa Ibnur Rawandi, wani mai sukar addini, da hujjar hankali tun ƙarni na 9, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya karanci falsafa kafin ya yi mata raddi.

An kuma ja kunne kan zagi da barazana, bisa aya ta 125 ta Suratun Nahli, wadda ta yi umarni da yin kira da hikima da wa'azi mai kyau. A ganina nan ne matasanmu suka fi tuntuɓe, musamman a Facebook.