Neman shawara kan motata da ta makale a gareji

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan da na kai tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina, ƙirar 1978, gareji domin a sauke injin a gyara shi, kuma na biya rabin kuɗin aiki tun ranar farko. Kullum na je sai makanikin ya ce kayan gyara yake jira, musamman kafireto, alhali motar tana ajiye a fili, rana da ruwan sama suna cin fentinta, tsatsa kuma ta fara kama ƙasan ƙofofi. Na san kayan irin wannan mota suna wahalar samu, amma haƙurina ya ƙare. Shin in ɗauke ta da injin a warwatse in kai wani wuri, ko in sayo kayan da kaina in ba shi wa'adi a rubuce?