Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da fMRI?

Mai fassara labaran binciken ciwon damuwa ba ya shan wahala wajen sunan ciwon, domin “ciwon damuwa” ya riga ya zauna a bakin jama'a. Inda alƙalami ke tsayawa shi ne fMRI, dabarar da masana ke amfani da ita su ga yadda ciwon ke sauya aikin ƙwaƙwalwa.

Mafi yawanmu “hoton ƙwaƙwalwa” muke rubutawa. Wannan suna ya dace da MRI na yau da kullum, wanda ke nuna siffa da girman sassan ƙwaƙwalwa, kamar binciken da ya gano cewa sashen hipokamfus, mai taimakawa wajen tuna abubuwa, yakan ɗan ƙanƙance a jikin waɗanda ciwon ya sha dawo musu. Amma fMRI aiki yake bi, kuma ko aikin ma ba ya ganinsa kai tsaye. A 1990 masani Seiji Ogawa ya nuna cewa MRI na iya bambanta jini mai ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta, domin ba sa amsa maganaɗisun na'urar iri ɗaya. Idan wani sashe ya shiga aiki, jini yakan ƙaru a wurin, ya kai ƙololuwa bayan kimanin daƙiƙa biyar, kuma wannan canjin ne na'urar ke aunawa, sannan kwamfuta ta shafa masa launi.

Wasu sun kawo “madubin ƙwaƙwalwa”. Yana da daɗin ji, sai dai madubi abin da ke gabansa yake nunawa nan take, kuma zai sa mai karatu ya ɗauka ana kallon baƙin cikin mutum ƙiri-ƙiri.

Ni dai shawarata ita ce “bin sawun aikin ƙwaƙwalwa”, sakamakon kuma a kira shi “taswirar sawu”. Mai bin sawu bai ga wanda ya wuce ba, alamar da ya bari ya gani, daga ita kuma yake ƙiyasta inda aka nufa, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Haka binciken yake. An ga cewa sashen amigdala, mai alaƙa da jin tsoro, yakan fi zabura a wurin masu ciwon idan aka nuna musu fuskokin baƙin ciki ko tsoro, amma matsakaicin sakamakon mutane da yawa ne, shi ya sa har yanzu likita da tambayoyi yake gane ciwon, ba da na'ura ba.

Sunan zai kuma ɗauki PET, wata dabarar ɗaukar hoto wadda ita ma jini ko sukari take bi, kuma da ita masaniya Helen Mayberg ta dogara wajen nuna rawar da wani sashen ƙwaƙwalwa da ake kira yanki na 25 ke takawa a ciwon damuwa.

Na san za a ce “bin sawu” yana nufin koyi da wani. Gaskiya ne, amma da zarar “aikin ƙwaƙwalwa” ya biyo baya, ma'anar ta fita. Ku gwada a jimla: masana sun bi sawun aikin ƙwaƙwalwar masu ciwon damuwa kafin magani da bayansa. Abin da ban gamsu da shi ba tukuna shi ne tsawonsa a kanun labari.