Wa ya taɓa ɗora labari a kan na wani? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Maman 'Yan Biyu, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina rubuta ci gaban wani fim mai dogon zango, don haushin yadda suka kashe tauraruwar ya hana ni sakat. A waya nake bugawa, cikin dare, bayan yara sun yi barci. Kyauta nake sakawa a zaurenmu na WhatsApp, kuma kowane shafi sai na rubuta cewa taurarin ba nawa ba ne. Jiya wata ta biyo ni ta bayan fage, wai ni ɓarauniya ce, kotu za a kai ni. Don Allah wanda ya san kan abin ya yi magana.

Ɗalibar shari'a, Akoka:
Anti, kwantar da hankalinki. Fanfik ake ce wa abin da kike yi, ni ma na yi shi tun ina sakandare. A Amurka masu irin wannan rubutu sun kafa ƙungiyar OTW a 2007, da lauyoyin sa-kai. Hujjarsu ita ce labarin da ya sauya na asali, kuma ba sayar da shi ake yi ba, ya shiga rangwamen sashe na 107 na dokar haƙƙin mallakarsu ta 1976. Su suka buɗe rumbun AO3, shafin intanet na ajiye irin waɗannan labarai, a 2009, har ya ci lambar yabo ta adabi ta Hugo a 2019. Amma fa dokar Amurka ba ta aiki a Agege. Tamu, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, mai asalin aikin ta ba wa ikon juya aikinsa. Ta dai bar ƙofa ga shaguɓe da kwaikwayon salo, kuma ana duba ko kasuwanci ne, ko ya taɓa cinikin mai shi. Rubuta "ba nawa ba ne" ladabi ne, ba izini ba.

Tsohon mai kaset, Alaba Rago:
Hajiya, ni na ga sata da idona. A kwafi fim ɗin mutum sukutum, a buga masa kwali, a baza a kasuwa kafin mai shi ya mai da kuɗinsa. Wannan daban, naki daban. Ke ai talla kike musu.

Marubuciya, Idi-Araba:
Baba, a yi haƙuri, ban yarda duka ba. Shekara biyu na yi ina gina wata tauraruwa, har yadda take tauna bakin mayafi in ta ji kunya. Wata ta ɗauke ta da sunanta da komai, ta rubuta kashi na biyu, ta cusa batsa, ta buɗe zaure naira 500 kowane kai. Ƙanwar mijina ce ta fara turo min, tana tambaya yaushe na koma haka. Da wane baki zan yi wa dangin miji bayanin fanfik? Ina goyon bayan a halatta na kyauta, amma a tambaye ni tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Subhanallahi, sannu 'yar uwa. Ni ko katin waya ban taɓa karɓa ba. To masu fim ɗin, ta ina ake samun su a tambaya? Na tura musu saƙo a Instagram tun da safe, har yanzu ba a buɗe ba.