Murfin rariyar baƙin mai yana tsiyaya bayan juye: mene ne aikinsa, kuma yaya ake kula da shi?

Mai Kabu-kabu, Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina da moto mai inji 125, irin injin da aka kwaikwaya daga Honda CG, kuma da shi nake neman abinci tsakanin cikin gari da ƙauyukan hanyar Keita. A ƙasan injin ta hannun hagu akwai wani babban murfi da ake kwancewa lokacin juyen baƙin mai, kuma tun juyen da aka yi mini na baya-bayan nan yake tsiyaya, har ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. Yaron garejin ya ƙara ɗaure shi da ƙarfi, ya naɗa leda a haƙoransa, amma tsiyayar ba ta tsaya ba. Ya kuma ce ƙaramar rariyar da ke bayan murfin ba ta da amfani, wai tana hana mai gudu, don haka a jefar da ita. Ina roƙon magabata masu sanin aikin su bayyana mini gaskiyar wannan magana kafin in yarda.

Tsohon Bakanike, Yamai:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bari a jefar da rariyar nan. A irin wannan inji, baƙin mai ɗaya ne yake hidimar inji da giya da kuloci, kuma gaba ɗayansa bai wuce kimanin lita 1 ba, saboda haka duk abin da ya ɓare daga faranten kuloci ko haƙoran giya cikin man nan yake yawo. Famfo yana zuƙo mai daga ƙasa ya tura shi zuwa sandar inji da kan inji, kuma kafin man ya isa famfo sai ya bi ta rariyar, wadda take tare manyan tarkace. Idan aka cire ta, tarkacen zai shiga famfon ya ci shi, ko ya toshe ƴan siraran hanyoyin da mai yake bi, kuma ba za ka ji komai ba sai ranar da kan inji ya bushe.

Murfin kuwa aiki biyu yake yi. Shi ne yake rufe ramin, shi ne kuma yake danne sifirin, sifirin ya danne rariyar a mazauninta don kada mai ya kewaye ta ya wuce ba a tace shi ba. Wajen mayarwa, rariya ce take fara shiga, bakinta mai roba yana fuskantar cikin inji, sannan sifirin, sannan murfi. Yara da yawa suna juya ta baibai, wasu kuma sifirin yakan faɗa musu cikin kwanon tsohon mai su zubar da shi ba su sani ba.

Game da tsiyaya, abin da yake tare mai shi ne zoben robar da ke wuyan murfin, ba ƙarfin hannu ba. Zoben nan yana shan zafin inji kullum, ga zafin watan Afrilu da Mayu a Ader da yake haura digiri 40, don haka yakan bushe ya baje ko ya tsage. Idan ya kai haka, ko da guduma aka ɗaure murfin mai zai fita. Ka sayi sabon zobe, a shafa masa ɗan mai, a fara murza murfin da yatsu har ya zauna, sannan a ƙarasa da kile, wato sifana, mai lamba 24. Ƙarfin ɗaurin da Honda ta ƙayyade wa wannan murfi niyutan-mita 15 ne, wanda ɗan matsi ne kawai da hannu ɗaya. Murfin na alminiyam ne, jikin injin ma haka, kuma idan haƙoran jikin inji suka lalace, gyaran ya fi sayen murfi tsada nesa ba kusa ba.

Mai Kayan Gyara, Tahoua:

Maganar Baba daidai ce. Abin da zan ƙara shi ne, tun da an riga an matse murfin fiye da kima, a wanke shi a duba shi a cikin hasken rana, domin yakan yi siririyar tsaga a gindin kansa inda kile yake kamawa, kuma mai yana bin tsagar ko da zoben sabo ne. Idan za ka sayi wani, ka je da tsohon a gwada, saboda murafan suna kama da juna a ido amma kaurin zoben yakan bambanta. A ganina, idan ba a sami zobe nan take ba, ana iya shafa ɗan gam ɗin silikon a lallaɓa zuwa wani lokaci.

Tsohon Bakanike, Yamai:

Malam, a nan kam ban bi ka ba. Gam ɗin da aka shafa a wannan wuri, idan aka ɗaure murfi, rabinsa ciki yake matsewa, ya bushe, ya gutsuttsure, kuma ba shi da inda zai tafi sai kan rariyar da muke ƙoƙarin karewa. Ledar da yaron ya naɗa ma haka take yi. Na sha buɗe inji in tarar da rariya ta toshe da irin waɗannan abubuwa, alhali mai moton yana rantsuwa cewa bai taɓa jinkirta juye ba, kuma gaskiya yake faɗa. Gara moto ya kwana a gida har a samo zoben.

Direban Ma'aikata, Yamai:

Ina so in ja hankalin mai tambaya ga abin da rariyar take nunawa idan aka ciro ta. Wasu injinan suna da wata ƙusar juye ta daban a can ƙasa, kuma saboda ta fi sauƙin kwancewa, sai a yi shekara ana juye ta nan ba a taɓa ganin rariyar ba. Ka tsaya a kwance murfin rariyar a gabanka, injin yana da ɗumi domin man ya fita da dattinsa, a wanke rariyar da kananzir, a bar ta ta bushe, kuma idan ta yage ko robar bakinta ta taurare a sauya ta. Ɗan baƙin laka a jikinta ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli yana nufin wani abu yana cinyewa a ciki, kuma ya kamata babban bakanike ya duba.

Rariya ba ta tare ƙura mai laushi. Wannan aikin wata matata ce mai juyawa da ke bayan murfin dama, ɓangaren kuloci, wadda take jefa datti gefe saboda gudun juyawarta, kuma ita ma tana bukatar a buɗe a kankare ta lokaci-lokaci, musamman ga wanda yake bin hanyoyin da ba kwalta a lokacin hunturu. Bayan an zuba sabon mai, a tayar da inji na ƴan mintoci, a kashe, a tsayar da moton a miƙe a auna mai da sandar awo ba tare da an murza ta ciki ba, sannan a goge kewayen murfin da tsumma a sake dubawa washegari da safe.