Wai Namu Duk Tatsuniya Ce?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Na tura kuɗi na shiga karatun wani littafi da ake saki kashi-kashi a waya, an tallata shi da hoton bindiga da jini, wai labarin bincike. Shafin farko aka kashe attajiri, na gyara zama. Daga nan aka manta da gawa, aka koma ɗinkin biki da rikicin kishiya. A ƙarshe wai uwargida ce ta yi mafarki ta ga wanda ya yi kisan, shi kuma ya haukace ya tona kansa a tsakiyar kasuwa. Haba! Ku nemi Lightseekers na Femi Kayode, na 2021, ku ga aiki. Mutanen gari sun kashe ɗalibai uku a kusa da Fatakwal, bidiyo ya zaga ko'ina, amma mahaifin ɗaya ya ɗauko masanin halayyar ɗan'adam ya binciko masa dalili. Kana karantawa kana bin sawu tare da shi. Namu kuwa duk tatsuniya ce. Wanda ya san na kirki na kwanan nan ya taimaka min.

Malam na Daura: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye kalmar nan. Yaushe tatsuniya ta zama abin zagi? A bakin kakarka ka fara jin yadda ake ƙulla makirci a warware shi. Gizo ba ɓarawo ba ne? Ba da dabara ake kama shi ba?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Allah ya gafarta Malam, ba haka nake nufi ba. Labarin da hankali ba ya ɗauka nake nufi.

Malam na Daura: To sai ka ce shirme. Ka ga ka ƙara ɓata ta, yanzu ka ce tatsuniya ba hankali a cikinta.

Anti Rafindaɗi: Malam bar shi, mun gane inda ya dosa. Duk sanda namiji ya ce tatsuniya, mata yake nufi. Mu ne masu ba da ita da dare, mu ne kuma muka fi yawa a rubutun waya. Ƙanena, fito fili ka ce rubutun mata ne ba ka so.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Anti wallahi ban ma ce mace ce ta rubuta ba.

Anti Rafindaɗi: Ka ce ɗinkin biki, ka ce kishiya. Me ya rage? Tun 2016 BBC Hausa ke gasar Hikayata, ka taɓa zama ka saurari abin da mata ke rubutawa? Kuma in Turanci kake taƙama da shi, My Sister, the Serial Killer mace ce ta rubuta, Oyinkan Braithwaite, a 2018. Ma'aikaciyar jinya ce a Legas, ƙanwarta na kashe samarinta, ita kuma ana kiranta cikin dare ta zo da safar hannu da ruwan wanki ta goge jini. Sai ga ƙanwar ta ɗora ido kan likitan da yayar ke so. Akwai soyayya a ciki, akwai kishi, kuma ban iya ajiye shi ba.

Ɗalibi UMYU (Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa): Anti, wannan ai tun shafin farko an san mai kisan. Ba bincike ba ne, labarin fargaba ne. Shi na bincike, marubuci kan ajiye maka alamu a hanya, in ka kai ƙarshe ka koma baya ka ga ashe an nuna maka, kai ne ba ka lura ba. Mafarki kuwa ba alama ba ce, guduwa ce marubuci ya yi.

Malam na Daura: Yaro, yi hankali da bakinka a kan mafarki.

Ɗalibi UMYU: Tuba nake Malam, na cikin littafi nake nufi.

Baban Yara Jibiya: Ni mamaki kuke ba ni. Kuna Katsina kuna cigiyar littafin ta'addanci a Legas? Ƙarshen Alewa Ƙasa fa? Bature Gagare, ɗan Katsina, 1982. Mailoma, tauraron littafin, shi kaɗai ya ishe ka rashin barci. Ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri. Mu da ke bakin iyaka mun san bai yi ƙarya ba. Wa zai kira waɗannan tatsuniya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Baba, na kwanan nan na ce. A 1982 ko auren iyayena ba a yi ba.

Baban Yara Jibiya: Ka karanta su?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na ji labarinsu.

Baban Yara Jibiya: To ka gani.

Na Sabuwar Unguwa: Ni na gane abin da ya sa Malam ya ɗau zafi. Mutanen Daura ba su son jin kalmar nan saboda Bayajida.

Malam na Daura: A'uzubillahi. Bayajida ne tatsuniya? Zo Daura in kai ka rijiyar Kusugu ka leƙa da idonka. Macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a nan aka sare kansa. Da kuna da irinta da kun ishi duniya.

Na Sabuwar Unguwa: Rijiya kam akwai ta, Malam. Macijin ne masana tarihi ke ja a kai. Mu dai hasumiyar Gobarau tana tsaye, ba sai an ba da labari ba.

Malam na Daura: Waɗanne masana? Kawo suna.

Na Sabuwar Unguwa: Suna da yawa.

Anti Rafindaɗi: Kun gani ko? A labarin ma sarauniya Daurama ce ke mulki, tsohuwa ce ta ba shi masauki, amma sunan namijin kaɗai kuke ja a kai.

Ɗalibi UMYU: Don Allah mu dawo kan littafi. Akwai Easy Motion Tourist na Leye Adenle, 2016. Ɗan jarida ɗan Ingila ya sauka Legas, aka yar da gawar mace a kusa da inda yake shaƙatawa, 'yan sanda suka kwashe har da shi.

Autan Gida: Yaya, turo min PDF.

Anti Rafindaɗi: Ga irinta nan. Mutum ya kwana yana rubutu, kai ka karanta a ɓagas, gobe ka ce ba a rubuta na kirki. Bincike yana son lokaci, sai marubuciya ta san aikin ɗan sanda da na kotu da na asibiti. Wa zai biya ta wannan wahalar?

Autan Gida: Anti, kuɗin data ma da ƙyar. Kuma a wane shago zan same shi a Katsina?

Malam na Daura: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar ba. Sai da safe.

Shugaban Zaure: Jama'a dare ya yi, bari in tattara. Abin da ya fito fili shi ne, rubutun laifi da ta'addanci a Hausa Katsina ce gidansa, kuma ba wanda ya iya musa Baba na Jibiya a kan haka. Ga Gagare, ga Sulaiman Ibrahim, shi kansa Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. Littattafan Legas ɗin nan ba laifi, mai Turanci ya karanta, amma wanda bai san Mailoma ba bai isa ya yanke wa adabinmu hukunci ba. Maganar Bayajida ba hurumin zauren nan ba ce, Malam ya yi haƙuri, shi ma ya ɗan tsananta. Ƙorafin Anti mun ji, za a duba wani lokaci. Wata mai zuwa Turmin Danya za mu karanta. Duk mai kwafi a gida, ko bangon ya cire, ya kawo ranar Asabar bayan la'asar.